Awon Ruwan Sama na Dogon Zango a Dazuzzukan Tsaunuka

Matattarar ruwa ita ce duk faɗin ƙasar da ruwan saman da ya sauka a cikinta yake gangarawa ya haɗu a ƙorama ɗaya. Ƙololuwar tudu ce iyakarta: ɗigon da ya faɗi a wannan gefe ya bi wannan rafi, wanda ya faɗi taku ɗaya a wancan gefe ya bi wani. A kan tsaunuka wannan iyaka a fili take, kuma sau da yawa akan sami dutse mai tauri shimfiɗe a ƙarƙashin ƙasar, wanda ba ya barin ruwa ya sulale ta ɓoye. Dalilin ke nan da ya sa masana ruwa da na gandun daji suka mayar da ƙananan kwaruruka na tsauni wurin gwajinsu. Lissafin nasu irin na mai shago ne. Ruwan sama shi ne abin da ya shigo, ruwan ƙorama shi ne abin da ya fita ta ƙofa, bambancin da ke tsakani kuwa shi ne abin da daji ya mayar sama ya zama tururi, ko abin da ƙasa ta riƙe zuwa wani lokaci.

Dukan lissafin ya rataya ne a kan adadin farko. Ana auna ruwan sama da zurfi, a milimita, kuma milimita 1 daidai yake da lita 1 a kan kowace murabba'in mita, wato lita 10,000 a hekta guda. Ma'aunin kansa ba wani abu ba ne mai wuya: gwangwani ne mai zagayen baki, da mazurari, da bututun da ruwan ke taruwa a ciki, sai sandar awo. Tun a 1441, zamanin Sarki Sejong, Koriya ta yi ma'auni irin wannan don amfanin hukuma. Na Amurka da aka fi sani faɗin bakinsa inci 8 ne, kimanin santimita 20. Akwai kuma mai ɗan cokali biyu a ciki, wanda duk lokacin da ɗaya ya cika sai ya tuntsure a ƙirga, da kuma wanda ke auna nauyin abin da ya taru. Waɗannan biyun suna nuna lokacin da ruwa ya sauko da irin ƙarfinsa. Sanin haka ya zama dole, domin milimita 50 na yayyafin kwana biyu da milimita 50 na ruwa kamar da bakin ƙwarya cikin awa ɗaya ba aiki ɗaya suke yi wa gangaren tsauni ba.

Wahalar tana wajen ajiye ma'aunin. Iska idan ta bugi gwangwanin sai ta yi sama ta bakinsa, ta kwashe ƙananan ɗigo ta wuce da su, saboda haka kusan kullum ma'auni yana nuna ƙasa da abin da ya sauka. A ruwan sama asarar kan tsaya a 'yan kashi kaɗan cikin 100. A dusar ƙanƙara, idan iska ta yi ƙarfi, takan kai rabi. Shi ya sa ake kewaye wasu ma'aunai da shingen faranti masu lilo don karya iskar. Cikin daji kuma ba a ajiye ma'auni a gindin itace. Dole a sare fili, a tabbatar babu reshen da ya shiga kusurwar digiri 45 daga bakin gwangwanin, sannan a riƙa komawa ana sassabe, domin itatuwan gefe ba su daina girma. Filin da aka yi sakaci da shi shekara goma zai riƙa nuna wai ruwan sama yana raguwa, alhali rassa ne suka miƙo. Ga ganye da ƙwari masu toshe mazurari, ga sanyi mai daskarar da ruwan, ga namun daji masu ture kayan aiki. Inda ba a iya zuwa sai bayan mako ko wata, akan zuba ɗan mai a saman ruwan don kada ya ƙafe.

Tsauni kuma yana da nasa halin. Iska mai ɗauke da danshi idan ta ci karo da shi sai ta hau, ta yi sanyi, ta sauke ruwanta, shi ya sa ruwan kan ƙaru da tsawo kuma gefen da ke fuskantar iska ya fi na baya samu. Ma'auni ɗaya a gindin dutse ba ya wakiltar kwarin. Sai an baza da yawa, a sama da ƙasa, gabas da yamma, sannan a yi lissafin rabon fili, irin wanda Alfred Thiessen ya tsara a 1911, ko a zana layukan da ke haɗa wurare masu ruwa daidai. Kuskure kaɗan a nan yakan kumbura a gaba. A ɗauka, alal misali, ruwan shekara milimita 2,000 ne, ƙorama ta fitar da 1,200, daji ya sha 800. Idan ma'auni ya rage kashi 5 cikin 100 kacal, sai a rubuta 1,900, a ce daji ya sha 700. Kuskuren kashi 5 ya koma na sama da kashi 12 a adadin da ake nema.

Ba duk ruwan da ya sauka a kan daji ne yake taɓa ƙasa ba. Ganye da rassa suna tare wani kaso, ya bushe a kansu ya koma sama, kuma wannan kan kai daga kashi 10 zuwa sama da 30 cikin 100 na ruwan shekara, gwargwadon irin itatuwan da yanayin saukar ruwan. Saura ya ɗiɗɗigo ta tsakanin ganye, kaɗan ya biyo jikin itace. Don haka akan jera wasu ma'aunai ko kwararo a ƙarƙashin inuwa a kwatanta da na fili. A wasu dazuzzukan kan tsauni na ƙasashe masu zafi, inda gajimare ke kwana a cikin itatuwa, abin juyawa yake: ganye da gansakuka suna tatsar danshi daga hazo, har ruwan da ya isa ƙasa ya iya fin abin da ma'aunin fili ya nuna. Ita kuwa ƙorama ana tare ta da ƙaramin bangon kankare da aka kafa a kan dutse, mai tsaga mai kusurwa a tsakiya. Tsawon ruwan da ke bin tsagar shi ke nuna yawan abin da ke wucewa a kowace daƙiƙa.

Gardama ce ta haifi wannan aiki. A ƙarni na 19 mutane da yawa a Turai da Amurka sun yi imani cewa daji yana jawo ruwan sama, yana hana ambaliya, yana kuma raya idon ruwa. Bayan ambaliyar da ta addabi Suwizalan, an fara awo a 1903 a ƙoramu biyu na yankin Emmental, wato Sperbelgraben wadda kusan duk daji ce, da Rappengraben wadda galibinta makiyaya ce, kuma Arnold Engler ya fitar da sakamakon farko a 1919. Raunin gwajin shi ne ba a san ko kwarurukan biyu sun bambanta tun asali ba. A Amurka, inda injiniyan soja Hiram Chittenden ya fito fili a 1908 ya ƙalubalanci ikirarin ma'aikatan daji, an gyara wannan rauni a Wagon Wheel Gap da ke jihar Kolorado. An auna kwaruruka biyu maƙwabta daga 1910 ba tare da taɓa ko ɗaya ba, aka gane yadda suke tafiya tare, sannan a 1919 aka sare ɗaya, aka ci gaba da awo har 1926. Ruwan ƙoramar da aka sare wa daji ƙaruwa ya yi. Wannan tsari na tagwayen kwaruruka, ɗaya a taɓa, ɗaya a bari ya zama shaida, shi ake bi har yau.

Inda tsarin ya fi daɗewa da zurfi shi ne Coweeta, a tsaunukan Apalaciya na jihar Karolaina ta Arewa. Hukumar gandun daji ta Amurka ta kafa wurin a 1934, a kan fili mai hekta 2,185, daga tsawon mita 675 zuwa 1,592. Charles Hursh ne ya jagoranci aikin farko, kuma samarin da gwamnati ta ɗauka aiki lokacin karyewar tattalin arziki na shekarun 1930 su suka gina bangayen awon da hanyoyin. A gindin kwarin ruwan shekara kan kai kimanin milimita 1,800, a sama kuwa ya haura 2,200, duk da tazarar 'yan kilomita ce. An fara da ma'aunai masu yawa, sai da aka gane yadda ruwan ke rabuwa a kan duwatsun sannan aka rage su zuwa waɗanda suka isa.

A farkon shekarun 1940 aka sare duk itatuwan kwari mai lamba 17, aka bar su kwance inda suka faɗi don kada a dagula ƙasa. A shekarar farko ruwan ƙoramar ya ƙaru da kusan milimita 400, wato lita miliyan 4 a kowace hekta. Da aka yi irin wannan a wani kwari mai fuskantar kudu, inda rana ta fi bugu, ƙarin bai kai rabin haka ba. A wani kuma da aka bar daji ya sake tofowa, ƙarin ya yi ta raguwa shekara bayan shekara. Daga baya, a 1956 da 1957, aka dasa itacen fayin, mai ganye kamar allura wanda ba ya kaɗewa da hunturu, a kwaruruka biyu da a da suke da itatuwa masu faffaɗan ganye. Bayan shekara 15 Wayne Swank da James Douglass suka nuna, a 1974, cewa ruwan ƙoramun ya ragu da kimanin milimita 200 a shekara, kusan kashi 20 cikin 100. Fayin yana tare ruwa a ganyensa rani da damina, yana kuma sha a watannin da sauran itatuwa suke tsirara. Da an tsayar da awon bayan shekara biyar da dashen, da ba a ga wannan ba, domin a lokacin shukar ba ta rufe ƙasa ba.

Sauran wurare sun tabbatar da haka. A Birtaniya Frank Law ya faɗa tun 1956 cewa dasa itatuwa masu ganye kamar allura a kan tuddan da ke ciyar da madatsun ruwa asarar ruwa ne, aka yi masa ca, sai awon Plynlimon a Wales, wanda aka fara a ƙarshen shekarun 1960 tsakanin mafarin kogin Severn mai daji da na Wye mai ciyawa, ya gaskata shi. A Afirka ta Kudu manoma ne suka fara kuka cewa gonakin fayin da na itacen turare suna ƙafar musu da ƙoramu, aka kafa tashar Jonkershoek kusa da Stellenbosch a 1935 ƙarƙashin Christiaan Wicht. Abin da aka samu can ya shiga doka: daga 1972 sai da izini ake dasa gandun katako, kuma dokar ruwa ta 1998 ta lissafa shi cikin ayyukan da ke rage kwararar rafi. A Kenya an yi irin gwajin daga ƙarshen shekarun 1950 a Kericho, inda shayi ya maye gurbin kurmi, da Kimakia, inda fayin ya maye gurbin gora. A 1982 Bosch da Hewlett suka tattara gwaje-gwaje 94 daga sassan duniya, kuma kusan duk bakinsu ɗaya: rage daji yana ƙara jimillar ruwan rafi a shekara, ƙara daji yana rage ta.

Wannan sakamako ana yawan yi masa gurguwar fahimta, kuma ya cancanci a tsaya a kansa. Jimillar shekara daban, lokacin zuwan ruwan daban, tsabtarsa kuma daban. A gwajin kwari na 17 an kiyaye ƙasa, ba a ƙone ba, ba a yi noma ba, ba a saki dabbobi ba, don haka ta ci gaba da shan ruwa kamar soso. A wasu kwaruruka na Coweeta an gwada noman gangare da kiwo cikin daji da jan katako ta hanyoyin da aka yanka barkatai, kamar yadda mutanen yankin suka saba, sai ƙasa ta daddanne, ruwa ya riƙa gudu a sama, ƙorama ta cika da laka. Inda ƙasa ta lalace haka, ruwan kan zo gaba ɗaya da damina, rafi ya ƙafe da wuri. Game da ambaliya kuma, awon ya nuna daji yana rage ƙanana da matsakaita, amma idan ruwa ya yi yawa har ƙasa ta ƙoshi, tasirinsa kaɗan ne. A Satumban 2004 guguwar Frances da ta Ivan suka biyo juna a kan waɗannan tsaunuka, ƙasa ta zaftare a Peeks Creek, cikin gundumar da Coweeta take, mutum biyar suka rasu, kuma gangaren da ya tsinke daji ne a kansa. Batun ko daji na jawo ruwan sama kuwa ya fi ƙarfin kwari mai hekta 20. A manyan kurmi irin na Amazon an tabbatar cewa kaso mai yawa na ruwan da ke sauka tururin da itatuwan suka fitar ne, amma wannan lissafi ne na faɗin nahiya.

Wani babban amfanin dogon awo ya fito ne daga inda ba a nema ba. An kafa dajin gwaji na Hubbard Brook a jihar New Hampshire a 1955 don nazarin yawan ruwa. A 1963 Herbert Bormann da Gene Likens da Noye Johnson da Robert Pierce suka ƙara da auna sinadaran da ke cikin ruwan sama da na ƙorama kowane mako, da nufin sanin abincin da daji ke samu da wanda yake rasawa. Sai suka tarar da ruwan saman da tsami ƙwarai. A ma'aunin tsami, ruwan sama mai tsabta yana wajen 5.6, nasu kuwa yana wajen 4.1, kuma kowane mataki ɗaya ƙasa ninki goma ne. Sun bayyana haka a 1972, aka bi sawun abin har zuwa hayaƙin farar wuta daga tashoshin lantarki masu ƙona kwal, ɗaruruwan kilomita daga dajin. Wannan jerin awo yana cikin hujjojin da suka kai ga gyaran dokar tsabtar iska ta Amurka a 1990, kuma shi ne ya nuna daga baya cewa dokar ta yi aiki, domin tsamin ya ragu har awon ya koma wajen 5. Shi ne kuma ya tona ɓarnar da ido ba ya gani: shekarun tsamin sun wanke sinadarin kalsiyam daga ƙasa, har a 1999 aka watsa ma'adini mai kalsiyam da jirgi mai saukar ungulu a kan kwari guda don ganin ko dajin zai farfaɗo. A can ne ma aka sare kwari mai lamba 2 a hunturun 1965 zuwa 1966, aka hana tsiro fitowa shekara uku. Ruwan ƙorama ya ƙaru da kusan kashi 40 cikin 100 a shekarar farko, amma sinadarin naitiret a cikinsa ya ninka sama da sau 40, ya wuce iyakar da aka yarda a sha.

Ko kwarin shaida, wanda ba a taɓa ba, ba a tsaye yake cik ba. A Coweeta wata cuta da ta shigo daga Asiya ta kashe itacen cesnat a shekarun 1930, alhali yana cikin mafi yawan itatuwan dajin. A farkon shekarun 2000 wani ɗan ƙwaro ya fara kashe itacen hemlok na bakin ƙoramu. A hankali itatuwan ok masu tsimin ruwa suka riƙa ja da baya, masu yawan sha suna cike gurbinsu, kuma wani nazari na 2016 ya nuna ruwan wasu kwaruruka ya ragu har da kashi 18 cikin 100 tun shekarun 1970, bayan an cire tasirin yanayi. Shi ma yanayin ya motsa. Zafi yana ƙaruwa tun wajen 1980, kuma ko da matsakaicin ruwan shekara bai yi wani babban sauyi ba, shekarun fari sun ƙara tsanani, na ruwa sun ƙara yawa. Hukumar yanayi ta duniya tana ɗaukar shekara 30 a matsayin ma'aunin abin da aka saba, na yanzu daga 1991 zuwa 2020. Ke nan ana buƙatar ninki biyu ko uku na wannan kafin a iya cewa abin da aka saba ɗin ya sauya.

Tsawon shekaru kaɗai bai wadatar ba, sai awon ya kasance iri ɗaya daga farko zuwa ƙarshe. Matsar da ma'auni 'yan mitoci, ko sauya tsohon mai agogo da alƙalami da takarda da sabon mai lantarki, yana iya haifar da tsalle a cikin jerin wanda za a ɗauka sauyin yanayi ne. Saboda haka akan bar tsoho da sabo su yi aiki kafaɗa da kafaɗa na wani lokaci, a riƙa kwatanta jimillar kowane ma'auni da ta maƙwabtansa, a kuma rubuta duk abin da ya faru: ranar da aka sassabe fili, ranar da mazurari ya toshe, da sunan wanda ya karanta. Masu wannan aiki, waɗanda ke hawa dutse kowane mako cikin ruwa da sanyi, da wuya a ji sunansu, amma duk wani sakamako da aka ambata a sama a kan littafinsu ya tsaya. Na'urar rada da taurarin ɗan adam, irin TRMM na 1997 da GPM na 2014, sun faɗaɗa gani ƙwarai, sai dai a kan tsaunuka ne suka fi rauni. Dutse yana tare hasken rada, tauraro kuma yakan kasa ganin ruwan da ke fitowa daga gajimare na ƙasa-ƙasa mai rungume da gangare, don haka da ma'aunin ƙasa ake gyara su.

Tambayar ta shafi Afirka ta Yamma kai tsaye, domin manyan kogunanta daga tuddai suke fitowa. Kwara da Sanagal da Gambiya daga tuddan Gini, Binuwai daga tudun Adamawa na Kamaru, Kaduna da Gongola da Jama'are daga tudun Jos. Yawancin tashoshin awo masu daɗewa suna birane da filayen jirgin sama ne, nesa da mafarin kogunan, kuma yawan tashoshin da ke aiko da rahoto a nahiyar ya ragu tun shekarun 1980. Adadin da aka samu a Karolaina ko Wales ba a ɗauko shi a ɗora a kan Mambila ko Futa Jalon, inda ruwa ke sauka da ƙarfi cikin 'yan watanni, rani ya biyo baya da tsawo, ƙasa da itatuwa kuma daban. Tsarin awon ne ake iya ɗauka.

Babbar barazanar da ke kan irin wannan aiki ita ce yankewar kuɗi, domin tallafin bincike yakan zo ne na shekara uku zuwa shida, tambayar kuwa ta shekara hamsin ce. Amurka ta ƙirƙiro shirin binciken muhalli na dogon zango a 1980 don cike wannan giɓi, Coweeta na cikin wuraren farko, Hubbard Brook ta shiga daga baya. A Afirka ta Kudu tashar Cathedral Peak da ke tsaunukan Drakensberg, wadda aka fara a ƙarshen shekarun 1940, ta daina aiki a shekarun 1990 da aka sake fasalin hukumomin daji. A 2012 aka gyara bangayen awon, aka kafa sababbin ma'aunai a guraben tsofaffin, aka ci gaba. Shekarun da ke tsakani babu awonsu a littafi, kuma duk lissafin da ake yi kan sauyin ruwan waɗannan tsaunuka sai ya tsallake su.